FILIN TURANCI: Gishirin "Ya Ce"

 A wannan wata za mu duba wata 'yar ƙaramar aba cikin Turanci wadda ba a cika kula da ita ba, amma tana iya gyara sunan mutum, tana kuma iya ɓata shi. Watau kalmar nan da a kan ajiye kusa da "said" ko "told" ko "asked" domin a nuna yadda aka yi magana.

Ga dalilin da ya sa muka ɗauko zancen. A nan Tudun Kaya, da sauran ƙasar Karaye da Rogo, da Hausa mu ke shawara, da Hausa mu ke gardama, da Hausa kuma mu ke shiryawa. Amma da zarar an zo ga takarda sai Turanci ya karɓe. Littafin taron ƙungiyar manoma, da na taron iyaye da malamai, da wasiƙar da za a kai sakatariyar ƙaramar hukuma, yawancinsu da Turanci a ke rubuta su. Wa ke rubutawa? Yaron nan ko yarinyar nan da ta gama sakandare. Dattawan da suka yi maganar kuwa, da yawa cikinsu ba za su iya karanta abin da aka rubuta a kansu ba. Amana suka ba da ke nan. Mai riƙe da alƙalami ya zama mashaidi, ko ya sani ko bai sani ba.

MAGANA ƊAYA, FUSKA UKU

Bari mu yi misali. A ce ƙungiyar manoma ta tara kuɗin sayen taki. Ranar lissafi aka ƙirga, aka ga kuɗi ba su cika ba. Ma'aji ya miƙe ya ce, "I, haka ne, ba su cika ba." Magatakarda yana iya rubuta ɗaya daga cikin waɗannan:

1. The treasurer said that the money was short.
2. The treasurer readily admitted that the money was short.
3. The treasurer reluctantly admitted that the money was short.

Na fari ya ce ma'aji ya faɗa, shi ke nan. Na biyu ya ce nan take ya amsa, ba sai da aka ja shi ba, watau ga mutumin da ba ya ɓoye kome. Na uku kuwa ya ce da ƙyar ya amsa, sai da aka matsa masa. Duk wanda ya buɗe littafin nan bayan shekara biyu, ko malamin gona ne ko alƙali, in ya ci karo da na uku zai ce a ransa, "Lalle akwai lauje cikin naɗi." Ga shi kuwa abin da ya fito daga bakin ma'aji bai sake ba. Abin da ya sake shi ne kalmar da magatakarda ya zaɓa.

Wannan shi ne kan darasinmu duka, a riƙe shi da kyau. Kalmar da ke kusa da "said" ba ta mai magana ba ce, ta mai ba da labari ce. Shi ne ya ga fuskar mai magana, shi ne ya ji muryarsa, shi ne kuma ya ke gaya wa wanda ba ya wurin yadda abin ya kasance.

Masanan nahawun Hausa suna kiran kalmar aiki "aikatau", Turawa kuwa su ce "verb". Irin su say, tell, ask, reply, admit, deny, promise, warn da complain, su ne a ke kira "reporting verbs", watau aikatau na ba da labarin abin da wani ya faɗa. Kalmar da ke bayyana yadda aka yi aikin kuwa ita ce "bayanau" da Hausa, "adverb" da Turanci. Yawancinsu da "ly" su ke ƙarewa. Wutsiyar nan ta fito ne daga wata tsohuwar kalmar mutanen Ingila mai nufin jiki ko kama, 'yar'uwar "like" ce. Mu ba mu da wutsiya irin wannan. Mu kan ce "cikin fushi", "da ladabi", "a fakaice", "ƙasa-ƙasa". A lura kuma, ba duk mai wutsiya ba ce bayanau. "Friendly" da "silly" sifa ne, saboda haka ba a cewa "he answered friendly", sai dai "he answered in a friendly way".

ƘWARYA TA BI ƘWARYA

Kowane Bahaushe ya san a kan ce fari fat, baƙi ƙirin, ja wur. In yaro ya ce "fari ƙirin" sai a fashe da dariya, ko da ya ke ba mai iya nuna dokar da ya karya. Haka kuma mu kan ce mutum ya ƙi ƙememe, amma ba mu taɓa jin an ce ya yarda ƙememe ba. Kowace kalma da abokiyar burminta. Turanci ma haka ya ke, Turawa suna kiran wannan abota "collocation". Ga waɗansu da ya kamata kowane magatakarda ya haddace:

flatly refused, flatly denied: ya ƙi ƙememe, ya musa sam. Ba a haɗa "flatly" da godiya ko roƙo.

strongly advised, strongly denied, strongly objected: ya ba da shawara da ƙarfi, ya musa da ƙarfi, ya nuna ƙin yardarsa ƙwarai. Amma ba a cewa "strongly thanked". Abin da a ke cewa shi ne "warmly thanked", watau godiya da zuciya ɗaya.

freely admitted, readily agreed: ya amsa da kansa, ya yarda ba gardama.

grudgingly admitted, reluctantly agreed: ya amsa yana gunaguni, ya yarda ba da son ransa ba.

bitterly complained: ya koka, ransa a ɓace.

sincerely apologised: ya nemi gafara da gaske.

solemnly promised: ya yi alkawari mai nauyi, irin wanda a ke yi a gaban manya.

politely asked, humbly begged: ya tambaya cikin ladabi, ya roƙa da tawali'u.

sternly warned: ya ja kunne, ba alamar wasa.

bluntly told: ya faɗa masa baro-baro, ba kara.

Ba a gane waɗannan da tunani, sai da ji da karatu, kamar yadda muka koyi "fari fat" a bakin iyayenmu. Waɗanda suka fara tattara su domin baƙin harshe su ne waɗansu malamai 'yan Ingila da ke koyar da Turanci a Japan. A 1933 Harold Palmer ya fitar da rahoto mai ɗauke da dubban irin waɗannan abokan tafiya. Abokin aikinsa A. S. Hornby ya ci gaba da aikin har ya zama ƙamus, aka buga shi a Japan a 1942, sa'an nan a Oxford a 1948. Shi ne kakan Oxford Advanced Learner's Dictionary da mu ke gani a makarantunmu. Don haka in kun buɗe shi kada ku tsaya ga ma'anar kalma kawai. Ku karanta jimlolin misali da ke ƙarƙashinta, gama a can ne a ke nuna wa ke tafiya da wa.

INDA A KE AJIYE TA

Sanin kalmar bai isa ba, sai an san mazauninta. Ga dokoki huɗu.

Ta fari. In an kawo maganar mutum daidai yadda ya faɗe ta, bayanau ya kan biyo bayan "said":

"Sit down," the teacher said quietly.

Ta biyu. In aikatau yana tare da wanda aka gaya wa, kamar "told her mother", ba a raba su. A sa bayanau a gaba ko a baya:

She quietly told her mother.
She told her mother quietly.

Duka biyu daidai ne. Amma "she told quietly her mother" karyayyen Turanci ne, kamar dai mutum ya ce "ta gaya a hankali wa uwarta".

Ta uku, ita ce mai jawo rigima. Kalmar "that" kamar gamba ta ke, wadda a ke dasawa a iyakar gonaki biyu. Abin da ke gabanta na mai ba da labari ne, abin da ke bayanta na mai magana ne. Ku duba:

The trader said again that he would pay.
The trader said that he would pay again.

A ta sama ɗan kasuwa ya sake faɗin cewa zai biya, bashi ɗaya ne. A ta ƙasa kuwa ya ce zai sake biya, watau ya riga ya biya sau ɗaya, zai kuma ƙara. In buhun masara goma a ke magana a kai, kun ga kalma guda ta tsallake iyaka ta cinye gonar maƙwabci. Haka ya ke ga "yesterday" da "today" da "privately" da sauransu. Kullum ku tambayi kanku, faɗar ce aka yi jiya, ko kuwa abin da aka faɗa ne ya faru jiya?

Ta huɗu. Waɗansu kalmomi in sun zo bayan aikatau suna nuna yadda aka yi maganar, in kuwa sun zo gabansa ko a farkon jimla sai su zama hukuncin marubuci:

He said it clearly. Ya faɗa a fili, kowa ya ji ya gane.
Clearly, he said it. Ba shakka shi ya faɗa.

She spoke wisely. Ta yi magana da hikima.
She wisely said nothing. Ta yi shiru, ni marubuci kuwa ina ganin ta yi dabara.

Manyan wannan gida su ne "rightly", "wrongly" da "falsely". In magatakarda ya rubuta "the old man rightly said that the farm belonged to the widow", ya riga ya yanke shari'a ke nan, ya ce gonar ta matar marigayi ce, alhali kuwa an sa shi rubutu ne, ba a naɗa shi alƙali ba. In ya rubuta "falsely claimed", ya kira mutum maƙaryaci a takardar da za ta daɗe bayan an manta da faɗan. Waɗannan kalmomi suna da wurinsu, a muhawarar makaranta ko a sharhin jarida inda aka nemi ra'ayinka. A littafin taro kuwa a bar su a waje tare da takalma.

"WAI" NA TURANCI

Hausa tana da wata 'yar kalma mai daraja, watau "wai". In mun ce "wai an ƙara kuɗin taki", mun nuna ji muka yi, ba mu gani ba. Turanci ba shi da kalma guda da ke yin dukan aikin "wai". Ya rarraba aikin ga kalmomi da yawa, kowace da nauyinta:

reportedly: haka labari ya zo, marubuci bai tabbatar ba, bai kuma musa ba.
allegedly: ana zargi, ba a tabbatar da laifin ba tukuna.
supposedly: haka a ke cewa, amma marubuci yana shakka.
apparently: ga alama haka ne.

Masu sauraron labaran Hausa a rediyo sun saba jin "rahotanni sun ce" da "ana zargin". Sau da yawa "reportedly" da "allegedly" ne aka juya. Ba don tsoro kawai 'yan jarida su ke riƙe da "allegedly" ba. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999, a sashe na 36, ya ce duk wanda a ke tuhuma da laifi za a ɗauke shi marar laifi har sai an tabbatar da laifinsa. Saboda haka kafin kotu ta yanke hukunci ba a rubuta "the boy stole the goat", sai "the boy allegedly stole the goat". A kula da mazauninta kuma. Kusa da aikin da ba a tabbatar ba a ke sa ta. In ka rubuta "the owner allegedly said that the boy stole the goat", shakkarka ta koma kan ko mai akuya ya yi maganar, ba kan satar ba.

Kishiyar waɗannan su ne "officially" da "formally", watau hukuma ta faɗa da bakinta bisa ƙa'ida. Mutanen ƙasar nan sun ga amfanin sanin bambancin. A 2019 gwamnatin Jihar Kano ta kafa sababbin masarautu huɗu, Bichi da Gaya da Karaye da Rano. A watan Mayu na 2024 aka yi dokar da ta rushe su. A watan Yuli na wannan shekarar kuma aka yi wata dokar da ta kafa masarautar Karaye mai daraja ta biyu, ta ƙunshi Karaye da Rogo. A irin wannan lokaci labari ya kan yi yawa, a kasuwa da tasha da cikin waya. Wanda ya san "reportedly said" daban ne da "officially announced", shi ne zai iya gaya wa mahaifinsa, "Baba, wannan ji-ta-ji-ta ce tukuna, wannan kuwa ta tabbata."

Amma fa a yi hankali. "Allegedly" ba sabulu ba ce da za ta wanke ɓata suna, kamar yadda "wai" ba ta mai da gulma ta zama gaskiya. Wanda ya tura wa mutum ɗari saƙo a WhatsApp cewa wai wance ta yi kaza, ya riga ya yi ɓarnar, ko da ya jera "wai" goma. Magana zarar bunu ce.

TARKUNA BIYAR

Akwai kalmomin da kamarsu ke ruɗin 'yan makaranta.

Hardly. Ba ta da dangantaka da zafi ko tauri. "He hardly spoke" nufinsa kusan bai ce kome ba. In kana so ka ce ya yi magana da zafi, "he spoke harshly" za ka rubuta.

Shortly. "She will reply shortly" nufinsa za ta amsa ba da jimawa ba. Amma "she said shortly" nufinsa ta amsa a gajarce cikin ƙosawa, kamar mai jin haushi. In a taƙaice ka ke nufi, ba tare da haushi ba, kalmar ita ce "briefly".

Formally da formerly. A bakin mutanen Ingila kusan ɗaya su ke, a takarda kuwa sun sha bamban. Ta fari bisa ƙa'ida, ta biyu a dā.

Kindly. "He kindly agreed" nufinsa ya yarda don kirkinsa. A Nijeriya mu kan fara roƙo da ita, mu ce "kindly send the fertiliser", muna nufin ladabi. A kunnen mutumin Ingila kuwa ta kan yi kama da umurnin wanda ya gaji da jira. In wasiƙar ƙasar waje za ta tafi, "please" ta fi lafiya.

Severally. A nan a kan ji "I warned him severally", watau sau da dama. A Ingila ma'anarta daban, watau kowa da nasa, ɗaya-ɗaya, lauyoyi ne suka fi amfani da ita. A watan Janairu na 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi da ma'anoni 29 na Turancin Nijeriya, har da wannan ma'ana ta "severally", har da "Kannywood". Watau an san da tamu, ba abin kunya ba ce. Duk da haka a takardar jarrabawa, ko wasiƙar da baƙo zai karanta, "several times" ko "repeatedly" ba su da gardama.

INDA RASHINTA KE CUTA

Kada wani ya ce, to, tun da haka ne bari a daina sa su gaba ɗaya. Akwai inda rashin bayanau ya ke zama ƙarya. Ƙasar Rogo tana maƙwabtaka da ƙasar Zazzau, kowa kuwa ya san wasan da ke tsakanin Kanawa da Zazzagawa. Haka jika da kaka, haka taubasai. A ce a wurin taro wani Bakano ya dubi abokinsa Bazazzagi ya ce, "Ai ku bayinmu ne, ku za ku ɗauki buhunan." Kowa ya yi dariya, har da wanda aka faɗa wa. In aka rubuta "he said that they were his slaves" aka yi shiru, baƙon da ya karanta zai ga cin mutunci ne ƙiri-ƙiri. Kalma guda, "jokingly", ita ce za ta mai da dariyar cikin takarda. Murya da fuska ba sa shiga rubutu, bayanau ne ke ɗauke da su. Haka "privately" da "publicly". Wanda ya ja ɗan'uwansa gefe ya yi masa faɗa daban ne da wanda ya tsiya masa a bainar jama'a.

GISHIRI DAIDAI MIYA

Da Hausa in mutum ya zuzuta labari mu kan ce ya ƙara gishiri. Bayanau gishiri ne sosai. Miya ba gishiri lami ce, in kuwa ya yi yawa ba ta shawuwa. Yara da yawa in suna rubuta labari sai kowane "said" ya samu rakiya: said happily, said sadly, said angrily, har mai karatu ya gaji. Waɗansu kuma su rubuta "whispered quietly" ko "shouted loudly". Wannan ƙara wa Barno dawaki ne, gama raɗa dama a hankali a ke yinta, ihu kuwa da ƙarfi.

Turawa ma suna yi wa junansu dariya a kan wannan. A 1910 aka fara buga waɗansu littattafan yara a Amurka game da wani saurayi mai ƙirƙire-ƙirƙire, sunansa Tom Swift. Marubutansu ba sa son barin "said" shi kaɗai, har abin ya zama wasan barkwanci da a ke kira "Tom Swifties", wanda ya bazu ƙwarai a 1963. A 2001 kuma wani sanannen marubucin labarai na Amurka, Elmore Leonard, ya buga dokokinsa goma na rubutu a jaridar New York Times. Ɗaya daga cikinsu ta hana a raɓa wa "said" bayanau ko kaɗan. Mu dai ba mu kai nan ba, don mun riga mun ga inda rashinsa ke cuta. Amma akwai gaskiya a ciki. In maganar da kanta ta nuna fushi, ba sai an ce "angrily" ba. In akwai aikatau guda da zai ɗauki ma'anar duka, kamar "whispered" maimakon "said very quietly", a ɗauke shi.

'Yan jarrabawar WAEC da NECO, wannan ya shafe ku kai tsaye. A wurin rubuta labari ko wasiƙa, mai duba takarda ya fi son kalma guda da ta zauna daidai bisa goma da aka yayyafa. A wurin karatu da amsa tambayoyi kuma a kan ciro kalma a ce ku kawo wata da za ta maye gurbinta a cikin jimlar. In kalmar "flatly" ce a gaban "refused", to "firmly" ko "absolutely" a ke nema, ba wata mai nufin shimfiɗaɗɗen abu ba.

TAMBAYA UKU

Kafin ka ɗora bayanau kusa da sunan wani, ka yi wa kanka tambaya uku. Da idona na gani, da kunnena na ji, ko kuwa zato na ke yi? Kalmar nan abokiyar tafiyar wannan aikatau ce, tana kuma gefen da ya dace na "that"? In na juya jimlar da Hausa na karanta wa mai maganar a gaban jama'a, zai ce haka aka yi? In ɗaya daga cikin ukun ta gagara, ka rubuta "said" ka wuce. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ku kuma iyaye da shugabannin ƙungiyoyi, ko ba ku jin Turanci kuna da abin yi. Kada ku sa hannu ko ku dangwala yatsa a takarda sai an karanta muku ita da Hausa. In ana karantawa ku ce wa yaron, "Duk kalmar da ta ƙare da 'ly', ka tsaya ka gaya mana ma'anarta." Ba rashin yarda ba ne. Taimakonsa ku ke yi ya riƙe amanar da kuka ba shi, shi ma kuwa zai ƙaru.

AIKIN WANNAN WATA

Ku juya waɗannan da Turanci, kowace da aikatau ɗaya da bayanau ɗaya:

1. Direban ya ƙi ƙememe ya rage kuɗin mota.
2. Malamar asibiti ta ba uwar shawara da ƙarfi ta kawo yaron rigakafi.
3. Da ƙyar mai shagon ya yarda cewa mudunsa bai cika ba.
4. Kaka ta ce, cikin wasa, za ta auri jikanta.
5. Ana zargin makiyayin ya bar shanu sun shiga gonar rake.
6. Manomin ya sake faɗin cewa zai yi noman rani a bakin dam ɗin Challawa.

Ku rubuta amsoshinku a littafi, ku gwada da na abokanku, ku kuma nemi ɗaya daga cikin irin kalmomin nan a kowace jaridar Turanci da ta faɗo hannunku, ku tambayi kanku ko shaidar wa ce. Za mu kawo amsoshi a fitowa ta gaba, sa'an nan mu ɗora da bambancin da ke tsakanin "say" da "tell" da "speak" da "talk". Allah ya kai mu lafiya.